Rawaya: mun riƙe sunan, furen yana barin Jos

Jikata ce ta jawo wannan magana. Tana aji uku na firamare, ran nan ta dawo da aikin gida, wai ta rubuta sunayen launuka da Hausa. Ja, fari, baƙi, kore, duk ta zuba su ba gardama. Da ta iso kan launin nunanniyar ayaba sai ta rubuta "yalo". Na ce mata, "Haba amarya, yalo ai ɗan'uwan gauta ne, a Farin Gada ake sayar da shi. Rubuta rawaya." Ta rubuta, sannan ta ɗago kai ta ce, "To Kaka, ita rawayar mece ce?"

Har na buɗe baki zan ce launi ne, sai na tuna ba daga nan zancen ya fara ba. Ruwan toka daga toka aka samo shi, ruwan goro daga goro, ruwan ɗorawa daga garin ɗorawa. Ita ma rawaya tsiro ce kafin ta zama launi. Da na zauna na yi lissafi kuma, sai na ga rabona da in gan ta da rai a ƙasa, ba busasshiya a ƙulle gaban mai magani ba, ya haura shekara 15. Ni da aka haifa a Jos, na girma ina tsallake ta.

Muna yara, in hunturu ya kankama, sanyin nan na Jos mai fasa leɓe, kakarmu takan ɗauki dagi da ɗan kwando ta ce in biyo ta. Mu kama hanyar Bauchi, mu wuce Naraguta, mu gangara wajen Babale, inda a lokacin gari yake ƙarewa daji ya fara. An riga an saka wa ciyawa wuta, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ba ganye ba inuwa. A cikin tokar nan za ka hango ta. Fure ne mai faɗin tafin hannun yaro, mai kunnuwa biyar, ya fito dab da ƙasa, ba ganye ko ɗaya a jikinsa, kamar wani ya bi dare ya jera ƙananan fitilu a kan gawayi. Furen alama ce kawai. Abin da tsohuwa ta zo nema yana ƙarƙashi: saiwa mai kauri kamar rogo, wadda in ka sare ta sai cikinta ya rina maka hannu, ka yi kwana biyu kana wankewa. Ganyen sai ruwa ya sauka yake fitowa, a rarrabe kamar yatsun hannu. 'Ya'yan kuma in sun bushe sai su fashe su saki farar auduga irin ta rimi, iska ta kwashi irin ta tafi da shi.

Masana tsirrai suna kiranta Cochlospermum tinctorium. Tun 1831 aka raɗa mata wannan suna daga samfurin da aka ɗebo a Senegal, kuma kalmar ta biyu ma'anarta "ta rini". Tana da 'yar'uwa, Cochlospermum planchonii, wadda ta fi ta tsawo, har takan kai tsayin mutum, ita kuma da ganyenta take yin fure tun damina ba ta gama tafiya ba. Bahaushe bai cika raba su ba, dukkansu rawaya ce, wasu su ce balagande, wasu zunzuna. Ƙasarta tana da faɗi ƙwarai: daga Senegal, ta bi ta Mali da Burkina Faso da arewacin Gana da Togo da Benin, ta ratsa Arewacin Nijeriya da Kamaru da Cadi, har Sudan. Ba ta son fadama, ba ta son duhuwar kurmi. Wurinta shi ne marmara, tsakuwa, gindin duwatsu, tsohuwar saura, wuraren da wuta take bi duk shekara. Wato daidai irin ƙasar da manomi yake kallo ya ce ba ta da amfani.

Amfaninta kuwa kowace sana'a da nata. Marina sun rina tufa da ita, dukawa sun rina fata, masu saƙar tabarma da faifai sun ƙawata kayansu. Ana sa ta a man kaɗanya don ya yi launi. A wasu wurare ana daka busasshiyar saiwar a tankaɗe, a riƙa zubawa a miya ta yi kyau ko ba manja, kuma a arewacin Benin wannan gari kayan kasuwa ne sosai. Amma abin da ya fi ɗaukaka sunanta shi ne shawara. Daga Bamako har Jos, in idon mutum ya canja launi, jiƙon saiwar rawaya yana cikin abubuwan farko da tsofaffi suke ambata, sai kuma zazzaɓi da ciwon ciki.

To, ga abin da nake so in faɗa, kuma na san wasu za su ce na rasa abin damuwa ne a ƙasar da ake fama da tsadar masara: yawan rawaya shi ne yake kashe ta a wurinmu. Abin da ya yi ƙaranci yana samun mai gadi. Zaki yana da doka, giwar Yankari tana da ma'aikata masu bindiga. Amma tsiron da yake ko'ina daga Senegal zuwa Sudan, wa zai tsaya masa? In ka kai kuka, amsar a shirye take: ai tana nan da yawa a wani wuri. Gaskiya ne, tana nan. Sai dai matar da ke Unguwar Rogo ba a Mali take neman saiwa ba. Tsiro yana iya cika rabin nahiya a kan taswira, alhali ya ƙare ƙaf a duk inda ƙafar mutanen gari ɗaya take iya kaiwa. Kuma haka ƙarewa take zuwa, gari bayan gari, kowa yana zaton tana nan a garin gaba.

Wanda yake ganin wannan tsoro ne na banza, ya tuna da madobiya. Shekarun baya wa ya ɗauke ta a bakin komai? Itace ne na daji, makiyaya suna sassabe ganyensa su ba shanu da rani. Da kasuwar katako ta Sin ta buɗe baki, aka sa mata suna "Madrid", cikin 'yan shekaru manyan motoci suka yi ta jigilar gungume daga Taraba da maƙwabtanta zuwa tashar jirgin ruwa. Kafin a farga an yi wa dazuzzuka aski. Sai a 2016, a taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, da aka yi a Johannesburg, aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido, bayan mai aukuwa ta auku. Ita madobiya ma itace ce, in an sare ta kututture yana nan yana ba da shaida. Rawaya in ta tafi ba ta barin ko alama, don wata takwas na shekara ma ba kowa yake gane ta ba.

Akwai wata tsohuwa 'yar mai ganye a cikin gari da na daɗe ina sayen kayan yaji da sassaƙe a wurinta. Bayan tambayar jikata na je na same ta, na ɗaga wani guntun saiwa na ce, "Hajiya, wannan daga ina?" Ta ce, "Malam, ai yanzu sai daga wajen Toro ko Lere, a buhu ake kawo mana. Da da ƙafa muke zuwa mu haƙo, mu dawo mu yi azahar a gida. Yanzu in ba ka hau mota ba, ba ka ganinta." Ta zazzage buhun ta nuna mini. Rabin abin da ke ciki bai wuce kaurin babban yatsa ba. Ta ce, "Dubi wannan, jaririya ce. Wanda ya san abin ba zai taɓa ta ba."

Mutane da yawa in an yi wannan zance sai su ɗora laifin duka a kan masu haƙa. Ni ban yarda ba. Kakarmu ta yi shekaru tana haƙa a wuri ɗaya bai ƙare ba. Tana da ƙa'ida, ko da yake ba ta taɓa kiranta da wannan suna ba. Ba ta taɓa ƙarama. In ta samu babba, gefe ɗaya take sara ta bar sauran, ta mai da ƙasa ta danne da ƙafa. In ta ga uku a wuri ɗaya, ɗaya take ɗauka. Na taɓa tumɓuke wata gaba ɗaya don in burge ta, ta ja mini kunne ta ce, "Baɗi kuma uwarka za ka haƙa?" Mai magani na gaskiya ya fi kowa son tsiron ya rayu, don abincinsa ne.

Abin da ya canja shi ne wanda yake riƙe da dagin. A nan dole in taɓo abin da mu mutanen Jos ba mu son taɓowa. Tun rikicin Satumban 2001 garin nan ya rabu. Akwai tsaunukan da Bahaushe mai magani ba zai ƙara hawa shi kaɗai ba, akwai kuma unguwannin da matar Birom ko Afizere ko Anaguta, wadda da take kawo saiwa da ganye har ƙofar gida, ba za ta ƙara shiga da sakin jiki ba. Da ana haɗuwa a daji da kasuwa, wannan ya ce mu ga sunan da muke kiranta, wancan ya ce mu ga yadda muke dafa ta, Bafulatani ya ce akwai ta da yawa a bayan dutse kaza. Wannan zumunci ya yi rauni. Dillali ya shiga tsakani, shi kuma yara yake sawa, a buhu yake biyansu. Yaron da ake biya a buhu ba ruwansa da baɗi. Ga kuma masu lasifika a tasha da bakin kasuwa, magori wasa kanka da kanka, kwalba ɗaya wai tana maganin cuta arba'in. Su ne suke buƙatar saiwa buhu-buhu, ba tsohuwar da take ba da ƙulli ɗaya ba.

Duk da haka, ko an tara masu haƙa duka, ɓarnarsu ba ta kai ta katafila ɗaya ba. Wanda ya haƙa ya bar ƙasar, wata rana wani iri zai faɗo ya tsira. Wanda ya kankare ƙasar ya zuba kankare ya gama magana. Dubi yadda Jos ta miƙe ta hanyar Bauchi, ta hanyar Zariya, ta wajen Lamingo da Rayfield. Dubi tifofin da suke sauko da dutse da tsakuwa daga wuraren fasa dutse tun asuba. Tudun nan dama ya sha wuya: tun farkon ƙarnin da ya wuce kamfanonin Turawa suka yi ta birkice shi suna neman kuza, suka bar mana tuddan jar ƙasa da kududdufai masu cin yara. Yanzu haƙar ta dawo a hannun ƙananan masu haƙa, rami a nan rami a can, har gwamnatin jiha ta dakatar da aikin ma'adinai na wani lokaci a farkon 2025. Saboda tsaro aka yi hakan, ba wanda ya ambaci tsirrai, kuma ban ga laifinsu ba, rai ya fi fure. Sai gona: da ana barin saura ta huta shekara uku ko huɗu, a nan rawaya take samun sarari. Yanzu ba saurar da take hutawa, kuma fartanya ta ba wa maganin feshi wuri. Fartanya tana sare kai ta bar saiwa. Maganin ciyawa irin mai bin jijiya har ƙasa yake sauka.

Akwai wani abu kuma da zai ɓata wa abokaina masu son muhalli rai. A ƙasar nan, in an ce kare muhalli, abu biyu ake nufi: a dasa itace, a hana ƙona daji. Kowace damina manya suna fitowa da babbar riga su dasa ɗan itace a gaban kyamara. Ba na ƙin itace. Itacen turare da aka dasa a tsofaffin filayen kuza ya rufe tsiraicin ƙasar da ba abin da zai tsira a kanta, ya kuma ba mutane itacen girki da na gini. Amma shiga ƙarƙashin gandun turare ka duba abin da yake tsira a wurin. Kusan ba komai. Filin ciyawa mai duwatsu ba dajin da ya lalace ba ne da yake jiran a gyara shi. Haka Allah ya yi shi, da nasa tsirrai da nasa tsuntsaye. In ka cika shi da baƙon itace ka kashe shi, ko da kuwa ka samu lambar yabo.

Wuta ma haka. Rawaya da wuta tare suka tashi, shi ya sa ta ɓoye ranta a ƙarƙashin ƙasa, take fure bayan an ƙone. Tsofaffin makiyaya da manoma sun san bambancin wutar farkon rani, wadda ake sakawa ciyawa da sauran danshi, ta lashe sama-sama ta wuce, da wutar bazara ta masu farautar gafiya, wadda take cin itace da gona har da gidaje. Ta biyun ce abin yaƙi. In aka hana duka, ciyawa ta taru shekara biyu, ranar da ta kama ba mai iya tare ta. In kuma ba ta kama ba, sarƙaƙiya ce take rufe wurin, musamman baƙon tsiron nan lantana mai ƙaya da ya addabi gefen duwatsun Jos.

Ba sai mun je wata ƙasa neman misali ba. A Laminga, kilomita kamar 15 daga cikin gari, akwai dajin Amurum, wajen hekta 300 ne kacal, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos take aiki tare da mutanen ƙauyen. Saboda tsuntsaye aka tsare wurin, cikinsu har da wani ɗan jan tsuntsun duwatsu da masana ba su tantance shi ba sai a 1998. Amma da aka tsare wa tsuntsu gida, ciyawa da fure da saiwa duk sun tsira a inuwarsa. Hekta 300 ba wani abu ba ne, wasu rukunin gidaje sun kusa haka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. Me zai hana duk sabon awon fuloti a bar tsauni ɗaya ko fako ɗaya yadda yake, a rubuta shi a takarda kamar yadda ake ware filin makaranta da maƙabarta? Ba a ce a kewaye shi da waya a sa mai gadi ba. A bar mai unguwa da masu maganin yankin, Musulmi da Kirista, su san nasu ne, su suke faɗin lokacin haƙa da wanda zai haƙa.

Abin da ba na goyon baya shi ne doka mai cewa an haramta haƙar saiwa. Mun san ƙarshen irin wannan: tsohuwa mai kwando za a tare a hanya a karɓi na goro, mai buhu hamsin a mota ya wuce da gaisuwa.

Aikin da ya fi sauƙi ma ba mu yi ba. Muna da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a nan Jos tun 1958, muna da sashen tsirrai da tsangayar harhaɗa magunguna a jami'a. Ɗalibai suna ta sayen saiwar nan a kasuwa suna gwada ta a kan ɓeraye don rubuta kundin kammala karatu. Da za a tura rabinsu su bi 'yan mai ganye da makiyaya, hunturu biyu a jere, su rubuta inda take da inda ta ɓace, da mun samu abin nuna wa hukuma. Sauran kuma su koya mana shuka ta. Irinta yana da taurin ɓawo, ba ya saurin tsira sai an san dabararsa, kuma wannan ai aikin masu gandun renon tsirrai ne. Manomin da yake da gefen gona mai tsakuwa, wanda dankali ba ya yi acca ba ta yi, zai iya samun kuɗin cefane a wurin. A Banfora ta Burkina Faso, wani masanin harhaɗa magunguna, Zéphirin Dakuyo, ya daɗe yana sarrafa saiwar doguwar rawayar zuwa maganin zazzaɓi da ake sayarwa a fakiti. Mu ma a Abuja cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, ta taɓa fitar da maganin sikila, Niprisan, daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace. Ranar da wani kamfani zai waiwayi rawaya da gaske, in ba a riga an iya noma ta ba, labarin madobiya za a maimaita.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Malam ya ce a bar asibiti. Shawara alama ce, ba cuta ɗaya ba. Tana iya zama zazzaɓin cizon sauro, tana iya zama ciwon hanta nau'in B, wanda yake cin mutum a ɓoye shekara da shekaru, tana iya zama toshewar hanyar matsarmama. Gwajin jini ne yake rarrabewa, ba jiƙo ba. Jaririn da idonsa ya yi rawaya kuwa, a kai shi asibiti a ranar, kada a ɗura masa komai. Abin da ya yi aiki a jikin ɓera a ɗakin gwaji bai zama hujja a jikin mutum ba tukuna. Amma wannan ma dalili ne na a bar tsiron ya rayu har a gama bincikensa.

Ranar wata Asabar a watan Janairu na ɗauki amaryar tawa muka kama hanyar Bauchi. Inda muke haƙa da kakarmu yanzu gidan bulo ne da shagon cajin waya. Muka yi gaba har muka kusa Tilden Fulani, muka sauka muka taka. Wani yaro mai kiwo na kwatanta masa abin da muke nema, ya yi dariya ya nuna mana gindin wani dutse da sandarsa. Guda uku ne, a cikin toka, ɗaya ƙudan zuma ya shige cikinsa har ba a ganin kansa. Taku kaɗan daga wurin an kafa turken siminti na masu awon fili, da lamba a jiki da jan fenti.

Yarinyar ta tsuguna ta daɗe tana kallo. Ta miƙa yatsa ta taɓa kunnen furen a hankali, ta duba yatsan ko ya rinu. Sannan ta juyo ta ce, "Kaka, ashe da gaske yalo ce."